Ranar Da Aka Yi Wa Harshe Jana'iza: Tarihin 'Yan Meksiko A Amurka

A wannan fitowa za mu ɗan yi nisa da gida, mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga irin faman da mutanen da asalinsu 'yan Meksiko ne suka sha a kan harshensu na Sifaniyanci fiye da shekara 170. Duk mai renon 'ya'ya a tsakiyar wata ƙabila, kamar mu mazauna Sabo, zai ji kamar da shi ake.

Da farko dai, mutanen nan ba dukkansu ne baƙi ba. A 1846 yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Meksiko, a 1848 aka sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo. Meksiko ta rasa wajen rabin ƙasarta, har da Kalifoniya da mafi yawan Arizona, ta kuma haƙura da Teksas, Amurka ta biya ta dala miliyan 15. Dubban iyalai sun kwana 'yan Meksiko, sun wayi gari 'yan Amurka, ko tabarma ba su naɗe ba. Da fari an lallaɓa su, don tsarin mulkin Kalifoniya na 1849 ya ce a riƙa buga dokoki da Turanci da Sifaniyanci. Da aka sake shi a 1879 sai aka soke wannan.

Daga baya ne 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa. Yaƙin juyin juya halin da ya tashi a Meksiko a 1910 ya koro jama'a da yawa. Daga 1942 zuwa 1964 kuma gwamnatocin biyu suka yi shirin ɗaukar leburori da ake kira Bracero, aka rubuta takardun kwangila fiye da miliyan 4, galibi na aikin gona. Ana son ƙarfinsu, amma ba a son harshensu.

To, a makaranta aka fi matsa musu. A 1918 jihar Teksas ta yi doka cewa da Turanci kaɗai za a koyar, dokar ba ta faɗi ba sai 1969. A makarantu da dama yaron da aka ji bakinsa da Sifaniyanci, ko a filin wasa ne, sai ya sha duka ko wani horon. A garin Marfa akwai makarantar Blackwell, wadda aka ware wa 'ya'yan 'yan Meksiko. Wata rana a 1954 aka sa yara suka rubuta a 'yan takardu cewa sun daina Sifaniyanci, aka zuba takardun cikin wani ɗan akwati, aka haƙa rami a filin makaranta aka binne, wai an yi wa harshen jana'iza ke nan. Ku duba fa, harshen da yaro yake kiran uwarsa da shi!

Wannan ne wurin da ya fi ba mu tausayi. Yaran da aka doka sun girma, sun yi aure, sun haihu. Da yawansu suka ce abin da suka gani 'ya'yansu ba za su gan shi ba, sai suka daina yi musu Sifaniyanci a gida. Ba ƙin asali ya sa su ba, tausayin 'ya'ya ne. Amma sakamakon ɗaya ne: jika ya zo gaban kakarsa, tana magana yana kallonta, sai an nemo tafinta a cikin gida ɗaya.

Sai dai ba kowa ne ya miƙa wuya ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mutanen kudancin Teksas suka riƙa haɗa kuɗi suna buɗe ƙananan makarantu nasu na kansu, waɗanda suke kira escuelitas, inda ake koya wa yara karatu da rubutu da Sifaniyanci da tarihin Meksiko. Ɗaya daga cikinsu, Colegio Altamirano ta garin Hebbronville, an buɗe ta a 1897, ta kai har 1958. A Laredo wata malama 'yar jarida, Jovita Idar, ta jagoranci ƙungiyar mata a 1911 don ilimin 'ya'yan talakawa. Suka kafa jaridu, irin su La Prensa a San Antonio a 1913 da La Opinión a Los Anjelis a 1926. Ba su jira gwamnati ba.

A watan Maris na 1968 dubban ɗalibai a gabashin Los Anjelis suka fice daga azuzuwa, cikin buƙatunsu har da a koyar da harsuna biyu da tarihin mutanensu. A shekarar ce kuma Amurka ta yi dokar tallafa wa koyarwa da harsuna biyu. Duk da haka abin bai zauna ba: a 1998 masu zaɓe a Kalifoniya suka taƙaita irin wannan koyarwa, a 2016 suka sake buɗe ta. Su kuwa tsofaffin ɗaliban Blackwell, a 2007 suka taru da furfurarsu suka yi bikin tono harshen da aka binne, a 2022 aka sa hannu a dokar mayar da makarantar wurin tarihi na ƙasa.

To yau ina aka kwana? Binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna wajen uku cikin huɗu na masu asali daga ƙasashen Sifaniyanci a Amurka suna iya hira da harshen, amma a cikin jikoki da na bayansu wajen ɗaya cikin uku ne kawai. Wato kaka ta zo da shi, ɗa ya haɗa biyu, jika ya sake shi. Abinci da bukukuwa sukan daɗe, ana dafa tamales, ana bikin 'yanci na 16 ga Satumba, amma harshe shi yake fara tafiya. Har suna ake yi wa irin yaran nan, wai 'yan "no sabo", saboda sukan ce haka a maimakon "no sé", wato ban sani ba. Mu dai da muka ji kalmar sai da muka yi dariya, daga baya jikinmu ya yi sanyi. Yanzu da yawansu suna komawa aji da girmansu, suna biyan kuɗi su koyi abin da a dā kyauta ne a tsakar gida.

'Yan'uwa, mu ba wanda ya taɓa dukan 'ya'yanmu don sun yi Hausa. Yarbanci da Turanci da suke ji alheri ne, da su muke ciniki. Amma kowa ya saurari gidansa da daddare ya ji da wane harshe yara suke wasa, da wanne suke amsa wa kakarsu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A yi musu Hausa a gida, kada a yi wa mai gurguwar Hausa dariya, in an samu hali a kai su gida hutu. Allah ya sa mu dace.