Lakwaja: Masu Gyaran Jirgi da Masu Sanin Ruwa

Ranar 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar Kamfanin Royal Niger a Lakwaja, Lugga ya ɗaga ta Ingila. Ba a jima ba hedikwatar mulki ta koma Jabba, daga can Zungeru a 1902. Aikin jirgi ne bai tashi ba, domin a nan Binuwai ke haɗuwa da Kwara, kuma kafin zuwan dogo duk kayan da za su hau Arewa ta ruwa sai sun gitta gindin dutsen Patti.

Jiragen wancan zamani masu tururi ne, gindinsu a baje don kada su nutse cikin ruwa da yawa, da ƙatuwar ƙafa a baya mai tura su. A Birtaniya ake ƙera su, a kawo su gunduwa-gunduwa, a harhaɗa a bakin kogi. Irin wannan jirgi ba ya shekara ba rauni: yashi ya goge shi, kututture ya huda shi, laka ta taru a tukunyar tururinsa. Saboda haka gwamnatin Arewa ta kafa ma'aikatar gyara a Lakwaja, kamfani kuma ya riƙe tasa babba a Burutu, kusa da teku. Kogi ne ke yanka wa ma'aikata lokacin aiki. Da damina, in ruwa ya kawo, jirage su haura har Yola da Garwa su ɗebo gyaɗa da auduga. In ya janye, sai maƙera da kafintoci su duƙufa, guduma na tashi har ruwa ya dawo.

Wannan ɓangaren shi ya fi zama a tarihi, don ya bar takardun albashi da rahoton shekara da gine-gine. Amma injiniya mai gyara ƙarfe bai iya gaya wa jirgi inda zai bi. Kwara na sauya hanya kowace shekara: tudun yashin da ke nan bara, bana yana can. Taswira kan tsufa kafin ta bushe. Masu wannan ilimi su ne mutanen kwale-kwale: Kede na ƙasar Nufe, waɗanda sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, inda kogin Kaduna ke shiga Kwara, da Kakanda, da Sarkawa, masuntan Kabi da Yawuri masu bin kifi nesa da gida. Tun kafin jirgin Bature na farko su ke fiton gishiri da kanwa da tufafi, da bayi ma, ba abin ɓoyewa ba ne. Daga irin waɗannan gidaje aka riƙa samun jagororin jirgi, masu duban launin ruwa da kwanciyar igiyarsa su gane zurfi, wani kuma na tsaye a goshin jirgi da gora yana aunawa. Sunayensu ba su cika shiga takarda ba. Garin dai ya adana alamarsu: tsohuwar kasuwar bakin ruwa Kpata ake ce mata, wato kwata da Nufanci, akwai kuma unguwar Kabawa.

Dogo ne ya fara rage wa kogi ciniki. Layin Baro ya isa Kano a 1911, gadar Jabba ta buɗe hanya har Ikko a 1916, sannan manyan motoci suka ƙarasa abin da ya saura. Madatsar Kainji, da aka gama a 1968, ta sauya lokacin cikar ruwa, abin da ya taɓa masunta kai tsaye, tunda kifi a fadamun ambaliya yake hayayyafa.

A Lakwaja hukumar kula da hanyoyin ruwan cikin gida take da hedikwata har yau. A nan Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogi daga Warri zuwa Baro a 2009, a 2019 kuma aka buɗe tashar Baro. Manyan jirage ba su dawo kamar dā ba. Masu ɗaukar doya da busasshen kifi da mutane tsakanin gaɓa da gaɓa kwale-kwale ne na katako, an ɗaura musu inji a baya.