Wang Wei: Ma'aikacin Fada da Ya Koyi Taƙaita Magana

A shekarar 721 wani matashi mai suna Wang Wei ya ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati a Chang'an, fadar daular Tang ta ƙasar Sin, garin da ake kira Xi'an a yau. A wancan zamani ilimin Confucius ne ke kai mutum ga muƙami. Amma idan ma'aikaci ya koma gida, fada ta ishe shi, littattafan Laozi da Zhuangzi yake buɗewa, wato tushen koyarwar Tao. Sarakunan Tang ma da kansu suna iƙirarin Laozi kakansu ne.

Mabiya Tao suna ganin gaskiyar da ta fi kowace girma ba ta kamuwa da baki. Da addinin Buddha ya iso daga Indiya ya zauna a Sin, sai ya haifar da ɗariƙar Chan, wadda mutanen Japan suka karɓa suke kira Zen. Ita ma ta ce wayewar zuciya ba a littafi take ba, daga malami take wucewa zuwa almajiri. Mutum zai zaci koyarwa irin wannan za ta kashe waƙa. Sai ga shi ta koya wa mawaƙa tsimin kalma.

Tun kafin Tang an ga alamar haka. A 405 mawaƙi Tao Yuanming ya ajiye muƙamin hakimin Pengze bayan kwana tamanin da 'yan kai, ya koma gona, yana waƙe noma da talauci da giya. Mawaƙi Li Bai kuwa, sa'an Wang Wei, bayan ya bar fada a 744 sai da aka yi masa bikin shiga tafarkin Tao.

Wang Wei a cikin Chan ya buɗi ido. Mahaifiyarsa ta shafe fiye da shekara 30 tana almajirci wajen malam Puji, kuma Wang Wei ne ya rubuta tarihin da aka tanada domin dutsen tunawa da Huineng, shugaban ɗariƙar na shida. Ya mallaki gandu a Wangchuan, cikin tsaunukan Lantian, kudu maso gabas da babban birni. A can shi da abokinsa Pei Di suka zaɓi wurare 20, irin su garken barewa da bukkar cikin gora, kowa ya yi wa kowane wuri waƙa. Kowace waƙa ɗango huɗu ce, kowane ɗango harafi biyar. Harafi 20 ke nan, ba ƙari. Babu wa'azi a ciki, ba a ambaci Buddha ba, sau da yawa ma mawaƙin bai nuna kansa ba. Yakan ajiye wa mai karatu dutse ko ruwa ko wata ƙara daga nesa, ya janye jikinsa. A ganina nan ne gwanintarsa take: ya yarda mai karatu yana da hankalin da zai ƙarasa sauran.

Kada a ɗauka mai wannan natsuwa bai ga tashin hankali ba. A 755 janar An Lushan ya yi tawaye, shekara ta gaba ya ci Chang'an, sarki Xuanzong ya tsere zuwa Sichuan. 'Yan tawaye suka kama Wang Wei, suka tilasta masa karɓar muƙami. Da dakarun Tang suka dawo, aka tuhume shi da cin amana. Abu biyu suka cece shi: wata waƙar baƙin ciki da ya yi wa daular yana tsare, da kuma ƙaninsa Wang Jin, wanda ya roƙi a rage masa nasa muƙamin a fanshi yayansa. Aka yafe masa, har ya sake samun girma a fada, amma takardun da ya rubuta wa sarki bayan haka cike suke da kunyar abin da ya faru. Gandun Wangchuan kuwa, shi da kansa ya nemi izinin mayar da shi gidan ibada domin mahaifiyarsa.