Inabin da ke tsiro a kan toka

Ni ba mashayi ba ne. Abin da ya ja hankalina ga farar giyar dutsen Etna, a tsibirin Sisili na Italiya, shi ne noman da ke bayanta. Dutsen har gobe yana aman wuta, tsayinsa ya haura mita 3,300, amma mutane suka bi gangarensa suna jera katangu da baƙin dutsen da ya amayo, suna dasa inabi har kusan mita 1,000.

Inabin da ake ji da shi Carricante ne, ɗan asalin wurin. A tsoffin gonaki kowace kuranga ita kaɗai take tsaye, gajeruwa, an ɗaure ta a jikin sanda. Tarakta ba ta da hanyar shiga, sai fartanya da hannu. Sanyin tudu kan jinkirta nunarsa, wani lokaci sai Oktoba ake tsinka, shi ya sa tsaminsa ba ya gushewa.

Masifar wasu ce ta buɗe wa manoman Etna kasuwa. Daga shekarun 1860 ƙwaron filoksera ya cinye saiwoyin inabin Faransa, sai jiragen ruwa suka riƙa lodin gangunan giyar Etna a tashar Riposto, akasari don a gauraya da giyar wasu, ba ma a ambaci Etna. Da ƙwaron ya ƙetaro Sisili ya yi ɓarna, sai dai yashin toka bai karɓe shi sosai ba. Akwai kurangun da suka tsira, yanzu sun haura shekara 100 suna 'ya'ya.

A 1928 narkakken dutsen da Etna ya amayo ya binne garin Mascali. Bayan yaƙin duniya na biyu matasa suka tafi ci-rani, gonaki suka koma daji. Ko dokar 1968, wadda ta ba Etna sunan asali mai kariya, na farko a Sisili, ba ta dawo da su ba. Takarda ai ba ta riƙe fartanya. Sai wajen 1988 masu sana'ar giya Giuseppe Benanti da Salvo Foti suka ɗauki Carricante da muhimmanci. A yau a yankin Etna ƙauyen Milo kaɗai ke da ikon kiran tasa farar giyar da sunan Superiore.

Tsoffin wuraren matse inabi na dutse, inda a da ake tattake shi da ƙafa ruwan ya gangara daga ƙwarya zuwa ƙwarya, dokar tsafta ta Turai ta hana aiki da su. Da yawa sun zama gidajen abinci da masaukin baƙi.