Tsaftar Unguwa da Lafiyayyen Abinci: Jagora ga Mazauna Zango da Sabo a Kudu

Tun da na yi maganar aikin gayyar unguwarmu a Agege, 'yan'uwa daga Sabon Ibadan, Shagamu, Fatakwal da Onitsha suke ta tambayata yadda muka fara da yadda muke tafiyar da shi. Shi ya sa na ga gara in tattara komai wuri ɗaya, wanda ya buƙata ya dawo ya duba.

Abin da ya tayar da mu shi ne annobar amai da gudawa da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024. A gidan hayarmu ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara huɗu, ya kwana yana zawo, kafin asuba idanunsa sun faɗa. Allah ya yi da sauran kwana. Da muka dawo daga asibiti muka tsaya muka dubi tsakar gidan da idon basira: kwata a cushe da leda, rijiya kusa da ramin masai, jarkokin mai ruwa sun yi gansakuka a ciki. Babu wanda ya kawo mana wannan daga waje, mu ne.

Me ya sa abin ya fi shafarmu

Mu ne a kasuwar gwari, mu ne a kara da mayanka, mu ne masu ruwa, masu shayi, masu tsire da 'yan jari-bola. Abincin da garin ke ci ta hannunmu yake bi, shara mai yawa ma ta hannunmu take fita. Idan gwamnati ta tashi hukunci, a kanmu yake fara sauka. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Legas ta rufe kasuwar Mile 12 na ɗan lokaci saboda ƙazanta. Duk mai tirelar tumatir a hanya ranar ya san abin da ake nufi da asara.

Akwai kuma maganar mutunci. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma da yawanmu a nan aka haife mu, a nan muka haifi namu. Unguwar da za ka binne iyayenka ka aurar da 'ya'yanka ba masauki ba ce.

Kafa kwamiti

Kada a tsaya jiran rajista ko kuɗi daga wani wuri. Mu da mutum bakwai muka fara. Abin da na ga ya zama dole a samu a ciki:

- wakilin Sarkin Hausawa ko mai unguwa, don magana ta yi nauyi;
- limami ko na'ibinsa, domin sanarwa bayan sallah ta fi kowace takarda isa;
- mata aƙalla biyu, don su ne da girki da ruwa da yara, kuma su ke shiga gidajen da mu ba ma shiga;
- matashi mai waya da zai riƙe zauren WhatsApp;
- ma'aji mai littafi, wanda zai karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a duk wata.

Sannan a je a gaida Baale da ƙungiyar masu gidaje ta layin, wadda a Legas ake kira CDA. Kwata ba ta san Bahaushe ko Bayarabe ba. Idan kun kwashe taku na sama bai kwashe tasa ba, ruwan farko zai dawo muku da ita.

Gayyar kwata da shara

A Legas safiyar Alhamis lokacin tsaftar kasuwanni ce, ba a buɗe shago sai ƙarfe 10. Jihohi da dama kuma suna yin tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, al'adar da ta samo asali tun mulkin soja na Buhari da Idiagbon. Mu mun ɗora gayyarmu a kan waɗannan ranakun, don mutane sun riga sun saba.

Kayan aiki: shebur, manjagara, baro, buhuna, safar hannu da takalmin roba. Kada a bar kowa ya shiga kwata da silifas, akwai fasasshiyar kwalba da allura a ciki.

Kuskuren da muka yi da farko shi ne tara laka a bakin kwata mu tafi. Ruwa ɗaya ya mayar da ita inda ta fito. Yanzu sai mun tsaida magana da motar shara kafin mu sa ranar aiki. A Legas hukumar LAWMA ce ke da alhakin shara, ita ke ba kamfanonin PSP unguwanni. Ku nemi na yankinku, ku haɗa kuɗin wata gida-gida, ku karɓi rasit ku adana. Ranar da jami'ai suka zo, rasit ne zai yi muku magana.

A lura da lokaci. A Legas da kewaye ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Don haka babbar gayya biyu ce: ɗaya a Afrilu ko farkon Mayu, ɗaya a Agusta.

Sauro kuwa, daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne. Duk mako a zagaya a kifar da tsohuwar taya, gwangwani da bokitin da ruwa ya kwanta a ciki, a rufe durom.

Leda, roba da jari-bola

A watan Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kamar soso, wadda muke kira tekawe. Daga 1 ga Yulin 2025 kuma aka fara aiwatar da haramci kan wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar, irin su tsinken shan lemo, kofi da cokalin roba da leda mara kauri. Masu abinci da masu shayi, a kiyaye, kada a kwashe muku kaya. Mun roƙi masu saye su riƙa zuwa da kwanonsu ko kula, kamar yadda ake yi a gida. Zuba koko ko shayi mai zafi a leda ma a rage shi.

A kowane gida muna ajiye buhu uku: na gorar ruwa da ledar fiya-wata, na gwangwani da ƙarfe, na kwali. Waɗannan kuɗi ne, da kilo ake saye. Kuɗin da muke samu da shi muke sayen safar hannu da gyaran baro.

Ga 'yan'uwanmu 'yan jari-bola, abu biyu nake roƙo. Na farko, a daina ƙona waya don ciro jan ƙarfe a cikin unguwa, hayaƙin robar guba ne ga huhu. A feɗe ta da wuƙa. Na biyu, a daina fasa tsohon batirin mota a inda yara ke wasa. Dalma ce a ciki. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, can ta hanyar dutsen zinariya da ake daka wa a gida. Ba ta da wari, tana bin ƙura da tufafi ta shiga jinin yaro ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa batir ya canza kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa.

Ruwan sha

Ruwa ya yi garau ba shi ne tsafta ba. Masana suna ba da shawarar a sa tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, abin da gidajen hayarmu ba su da shi. To sai a ɗauka ruwan rijiyar na wanki ne. Na sha a dafa shi ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya, ko a sa maganin kulorin da ake sayarwa a kemis gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, a jira minti 30. Masu ruwa na layinmu mun yi yarjejeniya da su: wanke jarka da sabulu duk Juma'a, kuma ba a ɗebo na sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko sinadari.

Kowace uwa ta haddace wannan: lita 1 ta dafaffen ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan akwai ƙullin ORS na kemis ya fi. A fara ba mai zawo kaɗan-kaɗan, ana kan hanyar asibiti. Kwalara tana iya kashe mutum cikin sa'o'i, ba a kwana da ita ana jiƙe-jiƙe.

Abinci: abin da za a guje wa

Nan ne maganar ta fi ɗaci, don wasu namu ne ke yi.

*Wake da fiya-fiya.* Zuba Sniper ko fiya-fiya a buhun wake ko busasshen kifi don kashe ƙwari zuba guba ne a tukunyar mutane. Akwai mafita: buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A busar da waken sosai, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin za su mutu don rashin iska. Jarka ko durom mai murfi da ba ya shan iska shi ma yana yi. Mai saye kuma, idan wake na warin magani, a bar shi.

*Nunar da 'ya'yan itace da kabaid.* Wannan dutsen na masu walda ne. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan sa shi a ayaba, mangwaro da agade. Alamarsa: bawo ya yi rawaya, ciki kuwa da gautsi ba zaƙi, wani lokaci da farar hoda a jiki. Hanyar iyayenmu tana nan: a rufe ɗanye tare da nunanne a kwando ko buhu, iskar da nunannen ke fitarwa ita za ta nunar da sauran.

*Babbakar ganda da taya.* Hayaƙin taya da roba yana manne wa fata, ana ci. A yi da itace ko gas, ko a yi ta ruwan zafi.

*Ruɓaɓɓen tumatir da tattasai.* Araha ce mai tsada. Abin da ya yi furfura a zubar, haka gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin gubarsu hanta take taɓawa kuma dafuwa ba ta kashe ta.

*Gishiri da dunƙule.* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokali ba, har da wanda ke cikin dunƙule. Hawan jini ya yi yawa a cikinmu. A rage dunƙule a ƙara daddawa, citta, tafarnuwa da albasa. Hukumar ta kuma ce a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Abin kunya ne mu da muke sauke wa gari kabeji da karas, yaranmu su kwana a kan taliyar leda.

Lambun buhu da taki

Wanda ya bi ta yankin Ojo ya ga 'yan'uwanmu masu lambu suna fitar da latas da alayyahu a ɗan fili. Kai ma da ba ka da fili, buhu ya ishe ka. A samu tsohon buhun shinkafa, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa kashi biyu taki kashi ɗaya, a ɗora kan bulo don kada ruwa ya kwanta masa. Alayyahu yana isa yanka cikin mako 3 zuwa 4. Lalo, wanda Yarabawa ke kira ewedu, da rama, yakuwa, kuɓewa da ugu duk suna yi. Zogale ma yana kamawa ko da reshe aka dasa, sai dai ba ya son jiƙa, a sa shi a tudu. Sharaɗi ɗaya: ba a ban-ruwa da ruwan kwata.

Takin kyauta ne. Ganyen kabeji da tumatir da ake zubarwa a kasuwa, kashin shanu daga kara, busasshiyar ciyawa da ɗan toka: a jera su hawa-hawa, a rufe daga ruwan sama, a juya duk mako biyu. Cikin wata 2 zuwa 3 zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasa. Kada a sa nama, mai ko leda. Mu almajiran makarantar allo da 'yan Islamiyya muka ba kulawar buhunan, kowane yaro da nasa, kuma abin da ya fito a tukunyarsu yake ƙarewa.

Hayaƙi

'Yan Fatakwal sun san baƙin toka da ya addabe su tun 2016. Wannan ya fi ƙarfin kwamitin unguwa, amma akwai wanda ke hannunmu: ƙona shara a layi, da janareto. Hayaƙin janareto ba ya jin kira, yana kashe gida guda suna barci. Kada a kunna shi a ɗaki, a shago rufe ko a lungun da ke bakin taga. Kaskon gawayi ma haka.

Jadawalin da muke bi

- Kullum: shara a buhu a ɗaure, wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida da kafin abinci.
- Duk mako: zagayen ruwan da ya kwanta, wanke jarkoki, tunatarwar minti biyar a masallaci da Islamiyyar mata.
- Duk wata: gayya, sayar da roba, karanta lissafi.
- Afrilu da Agusta: babbar gayya tare da maƙwabta.
- Babbar Sallah: a tanadi rami ko buhuna tun kafin yanka, kada jini da tumbi su shiga kwata.
- 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya: dashen itace a harabar masallaci ko makaranta, da izinin mai wurin.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da mu uku kawai muka fito. Akwai wanda har yau sai dare ya yi yake zuba shara a kwata. Ba mu yi faɗa da shi ba, mun tura masa liman. Amma daminar da ta wuce ruwa bai shiga ɗakunan layinmu ba, kuma Baale da kansa ya aiko yana tambayar ranar gayya ta gaba.

Wanda ya fara a unguwarsu ya sanar da mu yadda ta kaya, musamman 'yan'uwa na Gabas da Neja-Delta, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana zuri'a. Amin.