Gauraka: Tarihin Ƙaurarsa da Ɓacewarsa daga Fadamun Nijeriya

Gauraka babban tsuntsun fadama ne mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, tsayinsa ya kai mita 1, nauyinsa kilo 3 zuwa 4. Jikinsa baƙi-baƙi ne, fukafukansa da fari, kumatunsa fari da ja, a kansa kuma akwai tukku ruwan zinariya mai tsinke-tsinke. Masana suna kiransa Balearica pavonina, ɗaya daga cikin jinsuna 15 na danginsa a duniya. Mazauninsa ya taso daga Senegal da Gambiya, ya ratsa ƙasar Hausa da Tafkin Cadi, har Sudan da Habasha. Shi ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, amma yau da wuya a gan shi a dajin ƙasar.

Ƙaurar gauraka ba ta kai ta shamuwa nisa ba. Ruwa yake bi. Da damina ta sauka, garke ya watse, kowane namiji da matarsa su nemi fadamar da ruwa ya kwanta bai wuce gwiwa ba, su tattake ciyawa su tara ta a tsakiyar ruwan, macen ta saka ƙwai biyu ko uku. Su biyun ke karɓa-karɓa wajen kwanci na kusan wata guda. In rani ya shigo ƙananan fadamu suka ƙafe, sai su koma manyan dausayi su haɗu ɗaruruwa, suna kiwon ƙwayar ciyawa da fara da kwaɗi da abin da ya zube a gona bayan girbi. Shi da ɗan'uwansa na gabashi da kudancin Afirka su kaɗai ne a dangin suke kwana a kan itace, saboda suna da dogon yatsan baya da ke kama reshe. Ke nan wuri biyu yake bukata, na damina da na rani, kuma in ɗaya ya lalace, ɗayan ba zai riƙe shi ba.

Tudun Jos yana cikin wuraren da ya taɓa hayayyafa. A tsakiyar shekarun 1960 wani Ba'amurke, Lawrence Walkinshaw, likitan haƙori daga jihar Mishigan wanda ya ƙare rayuwarsa a bin gauraki, ya zo ya duba sheƙunansu a fadamun da ke wajen Vom. Abin da ya rubuta ya shiga littafinsa na 1973 kan gaurakin duniya. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta gaurakin Nijeriya sun haura 15,000. Kafin a shekara 25, masu bincike sun koma lissafa su da ɗai-ɗai, akasari a kan iyakar Borno da Kamaru.

Dalilan sun taru ne suka yi masa rubdugu. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya ƙafar da fadamun Sahel, Tafkin Cadi kuma, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ƙwarai. A daidai lokacin aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992. Su biyun sun ba Kano ruwan sha da na noman rani, amma sun rage ambaliyar da kan cika dausayin Haɗeja da Nguru kowace shekara. Ruwan da ake saki ba damina ba rani ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, abin da masunta da manoman shinkafa na yankin suka fi kowa sani. A tudun Jos kuwa fadamun sun koma lambunan dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir, waɗanda ke cika kasuwar Farin Gada. Ba wanda zai ga laifin mai lambu, sai dai tsuntsun da ke ƙwai a ƙasa ba ya zama inda garma da shanu ke wucewa kullum.

Abin da ya fi zafi shi ne kamu. Kyan gauraka ne ya ja masa. Sarakuna da attajirai sun daɗe suna ajiye shi a tsakar gida don ado, wasu kuma suna neman kansa da gashinsa don magani, ga 'yan kasuwa masu fitar da shi waje. Ana kwashe 'ya'yan tun ba su yi fiffike ba, da yawa su mutu a hanya, waɗanda suka rayu kuma ba safai suke haihuwa a tsare ba. Duk gaurakan da ka gani yana taƙama a gidan wani mai hali, daga wata sheƙa aka ɗauko shi, sau da yawa ma daga ƙetaren iyaka.

Tsuntsun da Walkinshaw ya fi sani, har ya yi masa littafi a 1949, gaurakan Amurka ne mai ruwan toka da jan goshi, wanda ake kira sandhil. Tarihinsa ya bi wata hanya dabam. Harbi da busar da fadamu sun kusa ƙarar da shi a wasu jihohi. A Wiskonsin a shekarun 1930 bai wuce aure 25 ba. Yarjejeniyar 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada, da dokar 1918 da ta biyo baya, suka hana harbinsa barkatai. Yau kowane Maris sama da 500,000 ke sauka a kogin Platte na jihar Nebraska, su yi makonni suna ƙiba da ragowar masara a gonaki, da dare su tsaya cikin ruwa marar zurfi, sannan su wuce Kanada da Alaska, wasu har Saiberiya. Shi ma kogin madatsu sun rage shi. Da aka tashi gina madatsar Grayrocks a jihar Wayomin, sai aka kai ƙara kotu, aka sasanta a 1978 da asusun dala miliyan 7.5 don kula da mazaunin tsuntsayen. Wato a can an yanka wa tsuntsu kasonsa na ruwa a rubuce, abin da gaurakan Haɗeja bai samu ba a lokacin da ake gina Tiga.

An yi yunƙuri a nan ma, ko da yake a makare. A 1992 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Kano kan gauraka da mazauninsa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ƙidayar da aka yi a ƙasashe da dama a 2000 da 2001 ta nuna gaurakin Afirka ta Yamma gaba ɗaya wajen 15,000 ne, adadin da Nijeriya ita kaɗai ta taɓa riƙewa. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayi na yarjejeniyar Ramsar. A 2019, a taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES da aka yi a Janeba, aka ɗaga gauraka zuwa rukunin farko, wanda ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Jos ce ta zama cibiyar ilimin tsuntsaye a Nijeriya. Jami'ar Jos ita ke ba da digiri na biyu a fannin kare halittu ta hannun Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis, wato APLORI, da aka kafa a farkon shekarun 2000 a ƙauyen Laminga, kilomita 15 daga gari. Cibiyar tana gefen dajin Amurum mai faɗin hekta 300, mallakar mutanen Laminga, inda aka ga tsuntsaye sama da iri 300. A nan ɗalibai kan kafa raga tun asuba, su kama ƙananan tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai, su auna fiffike da nauyi, su maƙala musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, su sake su. In aka sake kama mai zoben a wata ƙasa, an san hanyar da ya bi.

Daga wannan cibiya aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai kuma suna shiga da madubin hangen nesa da waya suna rubuta duk tsuntsun da suka gani, har da ayarin matasan Arewa. Garkunan gauraki mafi kusa da Nijeriya a yanzu suna dausayin Waza da Logone a arewacin Kamaru da kuma cikin Cadi, daf da yankin Chingurmi-Duguma na gandun dajin Tafkin Cadi a Borno, inda rashin tsaro ya hana masu ƙidaya aiki yadda ya kamata tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram.