Ciwon Da Ya Biyo Hanyar Goro: Waiwaye Kan Lafiyar Aure A Sabon Ibadan

Yau magana ce mai nauyi zan taɓo, don haka ina neman afuwar iyayenmu da yayyenmu masu leƙowa wannan shafi. Ni ba likita ba ne, ɗan mai goro ne da ya tsaya a sakandare, sai dai ina son tarihin unguwarmu, kuma wannan ɓangare na tarihin ba a faɗarsa a majalisa.

Kowa ya san a 1916 aka kafa Sabo. Kafin nan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, zuwa 1912 kuma an haɗa Ikko da Kano. Daga nan harka ta buɗe, shanu na gangarowa, huhunan goro na haurawa Arewa. To, abin lura shi ne irin mutanen da suka fara cika unguwar: maza ne majiya ƙarfi, wasu gwauraye, wasu kuma sun baro iyali a Kano ko Katsina ko Sakkwato, sai mutum ya yi watanni bai leƙa gida ba.

A can gida kuwa kowane mataki na rayuwa yana da mai kula da shi. Yaro ya kai shekara bakwai ko kusa da haka, wanzami ya yi masa kaciya lokacin sanyi. Ya fara balaga, malamin zaure ya biya masa Ahalari da Ishmawi, ya san mafarki da janaba da wanka ba tare da kowa ya ji kunya ba, tun da karatu ne. Yarinya kuma tana da gwaggo da kaka, ranar haihuwa ga ungozoma, ga wankan jego. Wannan tsari bai yi tanadin mutum ɗaya ba, wato baligin da ke nesa da matarsa, da kuɗi a aljihu, a garin da ba a san ubansa ba. Shi ne kuwa ainihin mutumin Sabo na farko.

Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Ya yi bayanin masu gidaje da ke saukar da fatake, ya kuma rubuta yadda mata masu zaman kansu suke da gurbi a unguwar, mace ta fita daga aure ta zauna a ɗakinta, bayan wani lokaci ta sake yin aure ta shiga kulle. Wasu dattawa ba sa son a tada wannan zance. Ni a ganina ɓoye shi bai goge shi ba, domin ta wannan ƙofa ciwon sanyi da tunjere suka riƙa shiga gidajen mutanen kirki.

Ciwon sanyi shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa, don shi ne ke bin mutum daga ƙuruciya har tsufa. Saurayi ya ɗauka, ya ga mugunya da zafin fitsari, ya sha jiƙo ko sassaƙe, zafin ya lafa, ya ce ya warke. Ya yi aure ya shafa wa matarsa. Ita kuwa mace sau da yawa ba ta ganin wata alama, ciwon yana can yana hawa har ya toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Shekara uku, huɗu, shiru babu haihuwa, sai dangin miji su ce juya ce, a yi mata kishiya ko a sake ta. Shi kuma gogan, bayan shekara ashirin ko talatin, tabon ciwon ya matse masa hanyar fitsari, ya rasa dalili. Mata nawa aka zalunta a haka, Allah kaɗai ya sani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu allurar penisilin ta bazu, aka ga abin mamaki, ciwon da ya gagari jiƙo ya tafi cikin kwanaki. Asibitin koyarwa na UCH ya buɗe a 1957, ga shi nan kusa da mu, amma kunya ta fi kai mutane wajen mai kemis da mai allurar bayan gida. A sha rabin magani, a ji sauƙi, a ajiye. Zuwa 1976 likitocin duniya sun gano nau'in ƙwayar ciwon da penisilin ba ya kashewa, yau ma dai ba da shi ake maganinsa ba. Shi ya sa kafso ja da baƙi da ake saya a tasha ɓarnar kuɗi ce.

Sai ƙanjamau. A 1986 aka ba da sanarwar bayyanarta a Najeriya, a 2001 kuma gwajin mata masu ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari. Ta bi hanyoyin da muka sani, manyan motoci da tashoshin kwana. Mahaifina kan ce a shekarun nan in aka ga mutum yana ramewa, sai a ɗora shi a mota a kai shi garinsu, a ce sammu ne, bayan wata biyu a aiko da saƙon rasuwa. Matarsa ta gama takaba wani ya aura, ba gwaji. Gwamnati ta fara rabon magani a 2002, ya zama kyauta a 2006, binciken 2018 kuma ya nuna an sauko zuwa kashi 1.4. Mai shan maganinsa kan ƙa'ida yana aure, yana haifar 'ya'ya lafiyayyu. Kaciya ma an tabbatar a 2007 tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da kusan kashi 60, amma ragi ne kawai, kuma askar wanzami ɗaya a kan yara biyar tana iya raba musu ciwon hanta.

Matakin da har yanzu ba shi da mai kula shi ne tsufa. Dattijon da ƙarfinsa ya ragu ba ya gaya wa ɗansa, ba ya gaya wa likita, sai mai tallar maganin maza da lasifika. Alhali raunin kan zama alamar ciwon suga ko hawan jini. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne kan irin waɗannan haɗe-haɗe, kuma akan samu sinadarin Viagra a ɓoye cikin wasu, wanda ke da haɗari ga mai shan wasu magungunan zuciya. Uwayenmu mata kuma, in al'ada ta ɗauke, duk jinin da ya dawo bayan nan abin kaiwa asibiti ne.

A 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. A 2024 jihar Kano ta sa dokar gwaji kafin aure, har da ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Wannan doka ba ta hau kanmu a jihar Oyo ba, don haka a nan Sabo waliyyin amarya ne zai nemi takardar gwajin kafin a sa rana, ko da angon ɗan ƙaninsa ne.