Farfaɗowar ɓargo bayan maganin sankarar jini

Ɓargo ne ke sarrafa jini, shi ya sa maganin sankarar jini ke fara durƙusar da shi kafin ya miƙe. Fararen ƙwayoyin jinin yaro sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani, su farfaɗo cikin mako 3 zuwa 4. Kafin nan, dasashi na iya zubar da jini, wani yaron sai an yi masa ƙarin jini.

A Matameye, inda damina ke zuwa da zazzaɓin cizon sauro, zafin jikin yaron da ke kan wannan magani na iya yaudarar iyaye, su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne kawai. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana Yamai, amma da zarar zafin ya kai digiri 38, a garzaya da yaro asibiti mafi kusa.